Harsashin Baki Biyu

Yanzu duk labarin gida a waya yake iso mini, kuma ba kasafai yake da daɗi ba. Ina zaune a ɗakina a Saint-Denis, hawa na shida, jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan gini har tagogi na rawa, sai wani ɗan ƙanena ya turo mini hoto. Garin da na fara aiki a bakin iyaka, kudu da Maraɗi, ya watse. 'Yan bindiga a kan babura sun shige shi sau uku a damina ɗaya, mutane suka kwashi yara da awaki suka bar shi. Ɗakin likitar da na yi shekara huɗu a ciki an cire masa ƙofa da kwano, ciyawa ta fito a inda gadon duba marasa lafiya yake. Na daɗe ina kallon hoton nan. A zamaninmu ma akwai mai bindiga a wannan daji, amma mutum ɗaya ne, kowa ya san fuskarsa, an san uwarsa, an san gonar ubansa. Baki Biyu ake ce masa, saboda bindigarsa mai baki biyu. Ni na ɗinke masa rauni, ni kuma na kai masa waɗanda suka kashe shi. Na yi fiye da shekara hamsin ban faɗa wa kowa ba, har matata ta rasu ba ta sani ba. Sai bara aka tilasta mini buɗe baki.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai aka tura ni can, da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar gama karatun jinya. Majo suke ce mini, kamar yadda ake kiran duk ma'aikacin da ke riƙe da ƙaramin gidan likita a ƙauye. Iyakar kanta a lokacin ba wani abu ba ce. Dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa a tsakiyar gonar wani, sai bukkar 'yan duwan, wato 'yan kwastan, sai itace guda da aka gitta a kan hanya. Mutum zai yi sallar asuba a ƙasarmu, ya je Najeriya ya sayo goro, ya dawo rana ba ta take ba. Abin da ya fi zama mini a kai shi ne sauti: daka da sassafe tana tashi daga wannan gida wancan ya amsa, ƙarar guga a bakin rijiya, gurnanin raƙuman gyaɗa idan ana ɗora musu kaya, da tafasar tukunyar da muke dafa allurai. A wancan zamani ba a jefar da allura. Dafa ta ake yi a sake amfani da ita, in bakinta ya dakushe a wasa shi a dutse. Daga baya na yi shekara talatin a wani babban asibiti a Paris, inda komai daga leda ake ɓare shi a yi aiki sau ɗaya a jefar, kuma har na yi ritaya hannuna bai daina jin nauyin jefarwar ba.

Mai dafa alluran wani tsoho ne, Baba Nomau. Shi ke shara, shi ke ɗebo ruwa, shi ke tsawata wa masu jira idan sun fara ture juna. Bai san ko harafi ɗaya ba, amma a wurinsa na koyi rabin aikina. Yakan ce mini, "Majo, kafin ka tambayi mutum inda ke masa ciwo, tambaye shi mutanen gida tukuna. In ba haka ba ƙarya zai yi maka." Ɗana yake kirana idan babu kowa, matarsa kuma kullum da yamma sai ta aiko mini da tuwo a akushi, miyar kuka ko ta gujiya, ba ta taɓa fashi ba. Aibin tsohon nan guda ɗaya ne: labari ba ya kwana a cikinsa. In ya ga abu da safe, kafin la'asar mahauta sun ji, wanzamai sun ji, har an ƙara masa gishiri.

Baki Biyu ɗan maharbi ne. Ya taso yana jan raƙuman wani attajiri, har ya san kowace hanyar daji tsakanin ƙasashen biyu. Ya fara da tsallakar da atamfa da gyaɗa ta bayan 'yan duwan, abin da rabin garin ke yi ba a ɗauke shi laifi ba. Da ya samu raƙuma uku na kansa, a tafiyar farko aka kama su. Ya je bukkar duwan yana roƙo, wani daga cikinsu ya mare shi a gaban jama'a. Ya koma gida ya ɗauko bindigar ubansa, ya dawo da rana tsaka ya harbe mutumin. Daga nan ya shiga daji bai sake fitowa ba sai a kan doki. Da fari motocin manyan 'yan kasuwa kawai yake tarewa, 'yan mata har waƙa suke masa a dandali. Daga baya ya daina zaɓe. Ya ƙwace jakin talaka, ya cire wa mata 'yan kunne, ya harbe wani direba don ya yi jinkirin tsayawa. Abin da ya tsare shi duk shekarun nan magana ɗaya ce da kowa ya yarda da ita, wai ubansa ya dafa shi tun yana jariri, harsashi ba ya shigarsa. Jandarmomi ma sun yarda. In sun hango ƙurar dokinsa sai su ce mota ta lalace.

Ranar wata kasuwa ce, bayan azahar, gari duk ya koma can. Ni da Baba Nomau kaɗai ne a likita, yana tsame allurai daga tukunya ina jera su. Muka ji an ɗaure doki ta baya. Wani dogon mutum ya shigo da rawani har hanci, yana jan ƙafar hagu. Ya zauna a kan gado ba sallama, ya zaro bindiga daga ƙarƙashin riga ya ɗora a cinya, sannan ya sauke rawanin. Cokalin da ke hannun Baba Nomau ya faɗi ƙasa.

"Tsoho, rufe ƙofa," in ji shi. "Majo, zo ka duba nan."

Ya ɗaga wando. Raunin yana saman cinya, ya kwana uku, ya kumbura ya fara wari. An cusa masa ganye da toka. Wani yaron mota ne ya harba cikin tsoro, idonsa a rufe, ya same shi. Na ce masa harsashin yana ciki, sai an tsaga, kuma maganin kashe zafi ya ƙare mana tun watan jiya.

"Ban tambaye ka magani ba. Ciro shi."

Na wanke hannu, na tsaga. Bai yi ƙara ba, sai zufa da ke zuba daga gemunsa tana ɗiga a bayan hannuna. Bakin bindigar yana ƙarƙashin haƙarƙarina, duk lokacin da na taɓa inda ke da zafi sai in ji ya ƙara danna ta. Ina cikin lalube da ɗan ƙarfe aka buga ƙofa. Na gane muryar tun kafin ya gama sallama. Wani jandarma ne da nake yi wa allurar zazzaɓi, ranar ce ta ukunsa.

"Majo! Lahiya ka kulle da rana?"

Na dubi Baki Biyu. Ya sa babban yatsa ya ɗana kunamar bindiga, na ji ƙaramar ƙarar nan har cikin haƙorana.

"Haihuwa nake karɓa," na ce da ƙarfi. "Ta zo da gardama. Ka dawo da la'asar."

"To, Allah ya raba lahiya. Bari in jira nan."

Muka ji ya zauna a kan bencin da ke jikin bango, bango ɗaya tsakaninsa da kan Baki Biyu. Ya fara fito da baki. Na ci gaba da aiki ina jin fiton nan, jini na cika mini wurin ina sharewa. Baba Nomau ne ya cece mu. Ya leƙa ta 'yar taga ya ce, "Ranka ya daɗe, matar malam ce, kunya take ji tana jin namiji a kusa. Ta ƙi yin nishi." Jandarman ya yi dariya ya tashi. Takunsa bai gama nisa ba harsashin ya fito, na sake shi a cikin kwanon sha, ya yi ƙara kamar an jefa tsakuwa.

Na yi masa ɗinki goma sha ɗaya. Ya miƙe ya gwada taka ƙafar, ya mayar da rawaninsa, sannan ya tsaya yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku biyu kuka ga jinina. In na ji na uku ya sani, na san inda zan zo. Majo, ranar kwana goma ka same ni a rijiyar kufai da hantsi ka cire zaren. Kai kaɗai."

Da ya fita na zauna a ƙasa. Na ce wa Baba Nomau, don Allah, don Annabi, wannan karon ya riƙe bakinsa. Ya rantse mini. Ban lura ba ashe da yake wanke kwanon ya ɗauke harsashin ya ƙulle a bakin zanen aljihunsa. Ya yi kwana biyu yana fama da kansa. A na uku ya nuna wa wani mahauci abokinsa, wai shi kaɗai. A rana ta biyar, da hantsi, muna cikin duba yara masu ƙyanda, aka ji harbi biyu daga gabas, ɗaya na bin ɗaya. Duk matan da ke layi suka yi tsit. Ranar Baba Nomau ya roƙe ni izini ya je ya cire wake a gonarsa.

Ni aka kira in duba gawar. Yana kwance a tsakanin kunyoyi, kwandon waken a gefensa bai zube ba. Da na laluba aljihunsa na ji ƙullin. Da yamma, ban san yadda aka yi ba, sai ga akushin tuwo kamar kullum. Ashe tun da safe matarsa ta ce wa maƙwabciya ta dafa har da nawa, ba wanda ya tuna ya hana. Na zauna a gabansa har ya huce. Washegari na sa harsashin a aljihu na tafi wurin ajudan, shugaban jandarmomin wurin.

Ya juya shi a tafin hannu, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce daga cinyarsa na ciro shi da hannuna, kuma jininsa ja ne irin na kowa. Sai ya kira mutanensa shida, ya sa kowanne ya riƙe harsashin ya ji nauyinsa. Na ga fuskokinsu suna sauyawa. Na faɗa masa ranar, na faɗa masa rijiyar. Ya ce za su shiga cikin hatsi tun da asuba su kwanta, amma dole in je, don in ban je ba Baki Biyu zai gane, kuma suna son ya sauka daga doki ya zauna. Ya yi mini alkawarin zai kira shi ya miƙa wuya kafin a yi harbi. Na ce to. Kwana huɗun da suka rage ban san me na ci ba, ban san wa na yi wa allura ba.

Rijiyar tana wani kufai da aka bari tun ana yunwa, tafiyar rabin awa a keke. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mahayin doki tsawo, hanya ta zama kamar lungu. Ina tuƙi ina duban dama da hagu, ban ga alamar kowa ba, har na fara tunanin sun ji tsoro sun fasa. Na same shi zaune a kan kwamin shayar da dabbobi a ƙarƙashin tsamiya, dokin a ɗaure taku goma daga wurin, bindiga a cinya. Ya gaishe ni kamar mun haɗu a masallaci, ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki. Na durƙusa a gabansa na buɗe jaka. Raunin ya kame da kyau. Na kama zare na farko na yanke na ja.

A na huɗu ya ce, "Tsohon nan, na ja masa kunne a gabanka."

Na kama na biyar. A na bakwai dokin ya ɗaga kai daga ciyawa, ya miƙe kunnuwa wajen geron da ke arewa. Tsuntsaye suka tashi daga wurin gaba ɗaya. Baki Biyu bai waiwaya ba. Ya ɗana kunama ta farko, ya ɗana ta biyu, ya ɗora bakin bindigar a kan cibiyata.

"Su nawa ne, Majo?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. "Bakwai."

"Ka nuna musu harsashin?"

"Na nuna musu."

Ina jin ƙuda yana yawo a kan wuyana ban iya kore shi ba. Na yi kalmar shahada a zuci, na tuna uwata tana tankaɗe a tsakar gida, na ce shi ke nan.

"Saura zare nawa?"

"Huɗu."

"Gama aikinka."

Na gama. Har yau ban san yadda almakashin bai faɗi daga hannuna ba. Na shafa masa jan magani, na ɗaure da bandeji kamar wanda zai yi wata tafiya. Ya sauke wandonsa ya gyara.

"Matata na da goyo," in ji shi. "In sun kai ni gari, kar a shanya ni a rana yara suna kallo. Tashi. Tura kekenka, kar ka hau, kar ka yi gudu. In ka yi gudu su za su harbe ka don tsoro."

Na tura keken. Bayana duk ya yi sanyi, ina jiran inda zai shiga. Na yi taku ashirin, na yi talatin. Sai na ji muryar ajudan yana ihu a ajiye bindiga. Baki Biyu ya amsa masa da harbi biyu, daga nan daji ya ɗauka. Na faɗa cikin gero na rufe kai da hannuwa, ganye yana zubo mini. Da aka yi shiru na rarrafo. Baki Biyu yana kwance rub da ciki, taku uku tsakaninsa da dokin. Ɗaya daga cikin jandarmomin yana birgima riƙe da kafaɗa, hannun nan daga baya sai da aka yanke shi a Maraɗi.

Da aka kawo gawar, gari duk ya fito. Kowa so yake ya sa yatsa a ramin harsashi ya tabbatar. Na tsaya a ƙofa na ce aikin likita ne, na sa aka shigar da ita na kulle. Ni kaɗai na share jinin, na ɗinke wuraren da suka fashe, na lulluɓe shi da zanen gado. Da la'asar matarsa ta zo, 'yar siririya, da jariri a baya. Ta ɗaga zanen ta duba fuskar, ta mayar. Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Majo." Ban san da wace manufa ta faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Kafin shekara ta zagayo na nemi canjin wurin aiki, daga can na samu tafiya ƙarin karatu Faransa, na zauna. Ban taɓa cewa mutumin nan na kirki ne ba. Ya kashe tsohon da ke kirana ɗa, a kan kwandon wake. Amma yana da harsashi biyu a kan cibiyata ya ɗauke su ya kai wani wuri, kuma babu shekarar da ban tambayi kaina dalili ba.

Bara ɗana ya kira ni. Ya ce 'yarsa Ramatu, wadda ke aikin haɗa magani a Lyon, ta kawo wanda take so, wani malamin lissafi mai suna Sani. Ya ce, "Baba, an ce asalinsu daga wajen da ka yi aiki ne. Kai ne waliyyi, ka je ka gan shi." Na hau jirgin ƙasa daga Gare de Lyon ina ta murna, har da kilishi a jaka. A gidan Ramatu a Villeurbanne muka haɗu bayan azahar. Yaro mai natsuwa, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a kan darduma yana gaishe ni da Hausar da ta sha Faransanci amma ba ta karye ba. Na tambayi gari, ya faɗa. Na tambayi unguwa, ya faɗa. Na tambayi gidan wa, sai ya ɗan yi murmushi.

"Baba, wataƙila ka ji labarin kakana. Baki Biyu ake ce masa. An ce jarumi ne, cin amanarsa aka yi. Babana yana goye lokacin."

Kofin shayin da ke hannuna na ajiye shi a hankali don kar ya zube. Ramatu tana tsaye a bakin ƙofar kicin, tana dubana tana jiran in yi fara'a. Zan iya cewa na ji sunan kawai, a sha shayi, a sa rana. Babu mai rai da zai ƙaryata ni. Amma na ga kaina zaune a masallaci gwiwa da gwiwa da jaririn nan, ina ba shi jikata, yana yi mini godiya.

Na ce, "Ramatu, zo ki zauna. Sani, ni ne wanda ake cewa ya ci amanar."

Na ba su labarin kamar yadda na ba ku, ban rage na tsohon ba, ban rage nawa ba. Sani ya tashi ya je taga ya tsaya, yana kallon taragon da ke wucewa a titi. Ya fara magana da Faransanci ya tsaya, ya sake farawa da Hausa.

"Baba, ka yi haƙuri. Sai na yi magana da babana."

Ya sa takalmi ya fita. Ramatu ta fashe da kuka. "Kaka, me ya sa? Wa ya tambaye ka? Da ka yi shiru wa zai sani?" Ta raka ni tasha, kilishin ma a jakata ya dawo Paris.

Mako uku ba labari. Ɗana ya daina kirana sai gaisuwar Juma'a, ita ma a gajarce. Ramatu ba ta ɗaukar wayata. Kullum in sauka in zaga kasuwar Saint-Denis ba abin da zan saya, in dawo in duba waya. Na fara tunanin na kashe wa yarinyar nan aure don kawai in sauke kayan da ni ya kamata in shiga kabari da su. A mako na huɗu Sani ya kira. Ya ce babansa ya iso daga Yamai, yana son ganina, mu biyu kawai.

Na sake hawa jirgin, wannan karon ban ga komai ta taga ba. Sani ya tare ni a tasha ya kai ni ɗakinsa, ya buɗe mini ƙofa ya koma waje. Wani dattijo ne zaune, dogo, da furfura a gemu da tabarau, malamin makaranta mai ritaya. Ya miƙe ya yi mini sallama, sai na dafa bango. Muka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, sanyi, hanya, kowa yana jan ta don kar a iso wurin. Daga ƙarshe ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Alhaji, abin da ka faɗa wa Sani na san shi tun ina saurayi. Inna ta faɗa mini duka kafin ta rasu, har da tsohon da aka kashe a gona. Ni ne na kasa faɗa wa 'ya'yana, na bar su da waƙar 'yan mata. Ta ce kai ka kai jandarma, kai kuma ka hana a wulaƙanta gawar. Ta ce in Allah ya haɗa ni da kai, kar in zage ka, kar kuma in gode maka."

Na ce, "Ta yi adalci."

"Maganar yara kuma, ba su da hannu a ciki. Mun zo neman aure, in za ku ba mu."

Na ce mun ba ku. Na ɗauka an gama, na fara laluben sandata, sai ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa tawa.

"Akwai abin da na zo tambaya, don shi na hau jirgi, ba don auren ba. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Inna ba ta son a tambaye ta. Kai ne na ƙarshe da ya yi magana da shi." Ya tsaya. "Yaya muryarsa take?"

Na dubi mutumin nan mai jikoki.

Na ce, "Malam, ba ka ga na dafa bango ba da ka yi mini sallama? Na ɗauka shi ne."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na bar shi ya yi kukansa, ban ce ya yi haƙuri ba, don shekara hamsin da wani abu yana jiran ya yi shi. Da ya natsu ya share ido da bakin riga, ya ce in faɗa masa duk abin da uban ya ce a bakin rijiya, kalma bayan kalma, kar in tsallake ko ɗaya. Na gyara zama na fara daga gaisuwa.